Gwaggon da Ta Ƙwace Mini Alƙalami

Na Allah muke, wurinsa kuma kowa ya nufa, wani da safe wani da yamma. Gwaggo ta riga mu. Ranar Talata da hantsi ta cika a ɗakinta na Magarya, kafin azahar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifina ce, ita ce kuma ta ƙarshe da ta saura cikin 'yan ɗakinsu.

Na zauna makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mutum zai shigo zaure fuska a murtuke, ya yi gaisuwa yadda ake yi, a shafa fatiha, ya samu gefen tabarma ya zauna. Can sai ka ga kafaɗarsa tana rawa. Ka ɗauka kuka ne, ashe dariya yake fama ya haɗiye.

Wanzamin garin ne ya fara kasa daurewa. Ya ce, "Jama'a, ku yi man gahwara. Tsohuwar ga ta taɓa tsare ni bakin rijiya, tac ce ba ni wucewa sai na gaya mata, ni da nika yi ma kowa aski, wa ka yi man nawa."

Liman ya ce, "Subhanallahi," yana rufe baki da hannun riga. Daga baya shi ma ya amsa cewa ta taɓa aiko masa a tambaye shi ko kifi na jin ƙishirwa, ya kwana uku yana buɗe littattafai.

A cikin gida kuwa wata Bafillatana mai kawo nono ta zauna gindin turmi tana kuka na gaske, ba mai iya ba ta haƙuri. Ta ce shekara da shekaru tana shigowa garin nan da ƙwarya a ka, kowa ya tambaye ta kuɗin nono, Gwaggo kaɗai ta taɓa tambayarta sunayen 'ya'yanta, ta kuma riƙe su. Babbar ɗiyar Gwaggo, wadda ta yi jinyarta, ta gaya mana cewa ko a safiyar ƙarshe, numfashi na fita da ƙyar, sai da ta buɗe ido ta ce, "Jakin wa ka kuka haka?" Sai da anka gaya mata na maƙwabci ne, an hana shi bin uwarsa, sannan ta yi kalmar shahada.

Na yi dariya tare da su, ban ƙi ba. Amma tsoro ya kama ni. Na ga in an bar abin haka, nan da shekara goma ba abin da za a tuna da ita sai cewa an yi wata tsohuwa mai shegen tambaya a Magarya. Ni kuwa na san abin da tambayarta ta yi mini. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Sana'arta irin albasa da gabu. Gabu, ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, ganyen albasa ne ake dakawa a dunƙula a shanya, a riƙa jefawa cikin miya. Irinta kuwa ba a gardama a kansa. Manomin lambu zai bar na kusa da shi ya jira ranar da za ta zo. Da wannan take zagaya kasuwanni, Wurno, Rabah, har Goronyo, ita da jakinta. In ta dawo, labarin ciniki ba ya wuce baki biyu, sauran duk abin da ta jiyo ne. Me ya sa masunta ba su son a yi musu fatan sa'a. Yadda maƙeri ke gane ƙarfe ya nuna. In an ce, "Gwaggo, ina ruwanki?" sai ta ce, "Matambayi ba shi ɓata. Zagi dai shika sha, ni kau na saba."

Ko Bature bai tsira ba. Wata shekara wani ya zo rangadi, ya biya duba lambuna, dagaci da mutanensa na biye da shi, kowa ya kama bakinsa. Gwaggo ta matso kusa da tafintan Baturen ta ce, "Tambaye shi, uwatai mi taka sa ma miya?" Tafinta ya zare mata ido. Baturen ya lura, ya ce sai an gaya masa abin da ta ce. Da ya ji, sai ya cire hularsa ya tsaya cikin fangalin albasa yana bayani, yana kwatance da hannu, har tafinta ya gaji. Da ya gama Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Ba kuka, ba daddawa. Ai dole shi baro gida."

Ni a lokacin malamin karatun manya ne, ina zaune Wurno. Muna koya wa magidanta boko a gindin itace bayan la'asar. Tun ina saurayi nake waƙa, ina rubutawa da ajami, ba don kowa ba, don abin na cina in ban yi ba. Sai Baturen da ke kula da azuzuwanmu ya ji wata da na yi, ta burge shi. Ya ce in yi musu ta tsabtace rijiya. Na yi, anka buga ta a takarda, anka rarraba. Wallahi ranar da na ga sunana da tawadar inji, ƙasa ba ta ɗauke ni ba. Daga nan sai ta kashe ɓera. Sai ta auduga. Sai ta lambar rigakafi, sai ta shara, sai ta kai yara asibiti. Takarda za ta zo daga ofis da jerin abubuwan da ake so a faɗa, ni in ɗaura musu kari da amsa-amo in mayar. Shekara takwas ina wannan.

Ban san ranar da abin ya fara ƙafewa ba. Na dai lura na daina jin daɗi. Da can baiti ne ke tsare ni a hanya, sai na tsaya na rubuta shi a tafin hannu. Yanzu ni ke binsa, ina janyo shi da ƙarfi, ya zo a sandare. Na kai inda in na ga ɗan aike da takarda, gabana ke faɗuwa.

Cikin wannan hali anka ce in yi ta noman albasa. Na yi ta rana ɗaya, ban ko sake dubawa ba. Da anka buga, na hau keke na tafi Dinawa in ji yadda aji zai karɓe ta. Malamin can ya tashi yana rerawa, ina gefe ina jiran yabo, har ya kai inda na ce:

Ka shayar da albasa, kada ka gajiya,
Har ranar cirarta ka ba ta ruwan rijiya.

Wani dattijo ya ce, "Malam, maimaita." Ya maimaita. Sai aji ya fashe. Magidanta masu furfura suna riƙe ciki, wani har allonsa ya faɗi. Don kuwa a ƙasarmu ko wanda bai taɓa riƙe jigon ban ruwa ba ya san in albasa ta ƙosa yanke mata ruwa ake yi, a tattake ganyen ya kwanta, a bar ta cikin ƙasa ta sha iska kwanaki. Wadda anka cire da ruwa a jikinta, kafin wata guda ta ruɓe a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta. Na san wannan. Ni da hannuna na tattake ganyen albasa a lambun kakana. Amma ranar da nake rubutu ban ga albasa ba, ban ga lambu ba, kalmar da za ta dace da "gajiya" kawai nake nema.

Ranar kasuwar Wurno sai ga Gwaggo a gidana. Matata ta kawo ruwa, Gwaggo ba ta ko kalle shi ba.

Ta ce, "Ɗan ƙanena, an ce kai kay yi waƙar ruɓar da albasa."

Na ce kuskure ne, za a gyara.

"Kuskure? Jikan mai lambu? In ji ko a mahwarki kar rubuta ta? Yaushe rabonka da ka taka fangali?"

Ba ta jira amsata ba, ta ƙara da wata.

"Yaushe rabonka da ka tsaya ka tambayi wani abu wurin wani?"

Kunya ce ta cika ni, ta juye ta zama fushi. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake runtse ido. Na ce, "Gwaggo, ke da ba ki san ko alif ba, mi kinka sani ga waƙa?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ruwan na nan inda anka ajiye shi.

Wata biyu ba ta tako gidana ba, ni ma girman kai ya hana ni zuwa Magarya. A cikin wata biyun nan ko baiti ɗaya bai zo mini ba. Ga kuma sabuwar takarda ta iso: malaman dabbobi za su kafa zango a fadama su yi wa shanu allura, ana son waƙar da za ta jawo makiyaya, kafin ruwa ya sauka su watse. Ba abin da ban gwada ba. Na canja alƙalami. Na canja wurin zama, daga zaure na koma gindin tsamiya, daga can na koma bakin tafki. Na ci goro har haƙorana sunka yi tsami. Na je wurin wani malami ya yi mini rubutun buɗe ƙwaƙwalwa, na sha ƙwarya guda, abin da ya buɗe cikina ne. Na ɗauko tsofaffin waƙoƙina in karanta ko su tayar da ni, sai na ji kamar wani ne ya yi su, wani da ya fi ni, ya kuma mutu.

Wannan ne ya karya ni. Ba aikin ofis nake jin tsoron rasawa ba, ina da koyarwata. Tsorona shi ne abin ya tafi ke nan, in ƙare rayuwata ina mutumin da ya taɓa yin waƙa. Ran nan na tattara takarduna duka na ba matata, na ce ta riƙa hura wuta da su. Ta karɓa. Ashe tura su ta yi ƙarƙashin gado, ta aika Magarya a gaya wa Gwaggo.

Bayan kwana biyu, da sassafe, na ji jaki a ƙofar gida. Gwaggo ce, ta dafe ƙugu tana nishi.

Ta ce, "Bayana ya riƙe. Ban iya kora jaki. Ɗiyana duk suna wurin cirar albasa, kai kaɗai na zaune banza. Tashi ka kai ni Rabah."

Lokacin hutun azuzuwa ne, ba ni da abin fakewa. Ga nauyin maganar da na gaya mata. Na sa riga na fito. Muna barin gari ta miƙo hannu.

"Ba ni abin ga da ka soke ga hula."

Na ce, "Alƙalamin? Mi za ki yi da shi?"

"Ba ni dai."

Na ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zanenta tare da goronta. Sannan ta kafa mini doka: kullum kafin azahar sai na yi wa mutane tambaya uku, kuma ban da wadda na san amsarta. Na yi dariya a raina, na ce wannan ai wasan yara ne.

A Rabah na gane ba wasa ba ne. Na tsaya gaban mai tukwane na ce, "Ina gajiya? Ya kasuwa?" Gwaggo ta ce daga bayana, "Wagga gaisuwa ta, ba ta cikin lissahi." Na matsa wurin mai igiya, na buɗe baki in tambaye shi, sai na ji kaina ina yi masa bayanin amfanin karatu. Azahar ta yi ban samu ko ɗaya ba. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Shekara takwas ni ake tambaya ina amsawa, har bakina ya manta yadda ake ɗaya ɓangaren.

Ita kuwa na zuba ido ina kallon yadda take yi. Ba ta farawa da magana. Tsugunawa take ta kalli hannun mutum tukuna. Ta ga mai tukwane na ƙwanƙwasa tulu da yatsa kafin ta miƙa wa mai saye, sai ta ce, "Mi kika saurare ciki?" Matar ta ajiye ciniki ta shiga nuna mata: wannan ƙarar ta mai lafiya ce, wannan ta mai tsaga a ɓoye, wannan ta wanda wuta ba ta ratsa ba. Ta sa mu kanga kunne ɗaya bayan ɗaya. Na ji bambancin, wallahi na ji shi, ni da nake sha a tulu tun ina jariri.

Nan kasuwar wani abokin aikina ya gan ni riƙe da sandar kora jaki. Ya tsaya da kekensa ya ce, "A'a, Malam! Waƙa ta ƙare an koma sufuri?" Kafin in samu abin cewa, Gwaggo, wadda tun safe take tafiya garau ta manta da ciwon baya, ta dafa kafaɗata ta saki wani irin nishi, ta shiga ɗingishi kamar za ta faɗi. Ta ce, "Yaro, Allah shi ba ka ɗa mai jin ƙanka awa wanga." Mutumin ya ji kunya, ya sauka ya gaishe ta. Yana ba da baya ta miƙe ta ce in yi sauri rana na yi. Duk tafiyar nan ba ta taɓa tayar da maganar alif ba. In an dama fura, ni take tura wa ƙwaryar da ta fi kauri.

Sannu a hankali bakina ya saki. Na tambayi mai jima me ya sa fatar akuyar ƙasarmu ta fi laushi. Na tambayi mai haƙar rijiya yadda yake sanin ruwa ya kusa. Ya ce ƙasa ce ke canja wari. Na tambayi wata tsohuwa mai kaɗi abin da take tunani in mazari na juyawa, ta ce, "Mutanen da sunka ɓata man rai," munka yi ta dariya. Kullum da la'asar, a gidan da munka sauka, Gwaggo za ta ce, "To, mi kat tambaya yau?" Ba ta taɓa cewa mi ka rubuta ba. Na lura har na daina tuna waƙar allurar, sai dai ina kwana da son in ji abin da gobe za ta kawo.

Daga Rabah munka komo gida kwana biyu, munka sake ɗaura kaya sai Goronyo. Lokacin bazara ce, gulbi ya janye, fadama cike da shanu. Bayan kasuwa Gwaggo ta ce mu biya wata ruga ta kai gabu. Ta shige wurin mata, ni na zauna inuwar wani dattijo yana tufka igiya. Tambayata biyu ranar, saura ɗaya, rana kuwa ta kusa tsakiya.

Na kalli garken na ce, "Baffa, ƙaƙa kaka gane saniya ba ta da lahiya tun ba ta kwanta ba?"

Ya ce, "Kira. Kowace da sunanta. Mai lahiya ko tana tuƙa sai ta motsa kunne. Wadda kak kira ba ta waiwayo ba, to, fara addu'a."

Uku ta cika, amma na kasa tashi. Na ce, "Ya taɓa samunka?"

Ya ajiye igiyar. Ya ce yana sabon aure annoba ta shiga garken mahaifinsa, can arewa da nan. Sai ya fara kiransu. Ban ce ya lissafa ba, shi ma ba lissafi yake ba, kira yake, da muryar da ake kiran shanu, a hankali. Saye. Wule. Nyale, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai uwarsa. Wata da ta haihu ana gobe za ta mutu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, shanun da sunka mutu tun ba a haife ni ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce da annobar ta gama da garken, sunka tashi daga wurin, shi anka ba ɗaukar dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa. Ya naɗe ta a kafaɗa ya yi tafiyar kwana huɗu da ita, bai san dalili ba, don ba maraƙi ko ɗaya da ya saura.

Na yi masa godiya na tashi. Shi ma ya koma tufkarsa.

Muna hanyar komawa, mun yi nisa kaɗan, sai na ji wani abu ya taso mini daga ƙirji, abin da na yi zaton ba zan ƙara ji ba. Ƙafata ta kama wani kari, bakina ya bi:

Na kira Saye, ba ta waiwaya ba,
Na kira Wule, ba ta amsa ba,
Ga dangwali a kafaɗa ban shimfiɗa ba,
Don ban ga maraƙin da za a ɗaure ba.

Na saki sandar jaki na ce, "Gwaggo, alƙalamina! Don Allah, maza!"

Ta ce, "A'a."

"Gwaggo, za ta gudu!"

"Ta gudu mana. In ta kai gida bisa kanka, waƙa ta. In ta zube ga hanya, dama ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Kora jaki."

Na roƙe ta, na yi fushi, na yi rantsuwa. Ko a jikinta. Haka na taho ina maimaitawa, ina ƙarawa, wani baiti ya faɗi wani ya tsaya, ita tana gaba tana taunar goro. Sau ɗaya kawai ta juyo ta ce, "Wancan na ukku ya yi tsawo, numfashi ba shi kai." Na duba na ga gaskiyarta. Sai da munka ga ganuwar Wurno ta kwance bakin zane ta miƙo mini. Matata ta jawo takardu daga ƙarƙashin gado ta ba ni, ban tambayi yadda anka yi wuta ba ta ci su ba.

Baturen azuzuwanmu ya ɗan yi ƙorafi, ya ce waƙar ta yi baƙin ciki, kuma ba a ambaci allura ba sai can ƙarshe. Amma ya karɓa. Ba zan ce ita ta kawo shanu zango ba, ban sani ba. Abin da na sani, bayan shekara na ji wani makiyayi da bai san ni ba yana rera ta a bakin mashaya, ya ma canja sunayen ya sa na garkensu. Tun daga lokacin ban ƙara karɓar aikin da ban je na tambaya a kansa ba, na kuma koma yin nawa na kaina. Abin yakan ja baya wani lokaci, amma bai ƙara ƙafewa ba.

Na je Magarya na durƙusa na ba ta haƙuri kan maganar da na gaya mata. Ta ce, "Ai gaskiya kah hwaɗi, ban san shi ba. Tunda ka zo, gaya man: shi alif ɗin ga, mi as sa shi tsaye, 'yan'uwanai na kwance?" Na ce ban sani ba. Ta ce in je in tambayo.

Shekara shida ke nan da wannan tafiya. Iyakar abin da na yi niyyar rubutawa ke nan, har ranar sadakar bakwai.

Ranar an watse, sai anka kawo wata tsohuwa bisa jaki daga Lahodu, ƙawar Gwaggo ta ƙuruciya, idonta ya kusa tafiya. Labari bai kai mata da wuri ba. Bayan ta yi gaisuwa ta ce a kira mata mai waƙa. Na zo na tsuguna gabanta a bayan rumbu. Ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya don kada a ji, ta rera:

Dutse, ci naka ka bar man nawa,
Hantsi ya yi, mai gona na jira.

Waƙar niƙa ce da kowace mace a ƙasar nan ta sani. Da ita uwata ta goye ni.

Ta ce, "Wa yay yi ta?"

Na ce, "Inna, ai wannan ta dauri ce, ba ta da mai ita."

Ta ce, "Gwaggonka tay yi ta. Ina tsugune kusa da ita, ni ka zuba mata gero."

Ta ambaci wasu huɗu, ta daɓe, ta reno, biyu na biki, duk na san su. Ta ce a zamaninsu ba a suna ko gayya daga nan har Dinawa ba a zo wurin Gwaggo neman sabuwa ba. Wannan ta zo, waccan ta aiko, ita kuwa ba ta iya cewa a'a. Tana yi, tana yi, har wata shekara ta buɗe baki ba abin da ya fito. Mutane sunka jira kaɗan, sunka koma wurin wata.

Ta ce, "Ba wanda yac ce mata mi as same ki. Har ni. Daga nan ta kama tambaye-tambayen ga. Cewa ta yi ƙila in ta cika kunnenta, bakin shi buɗe."

Na ce, "Ya buɗe?"

"Bai buɗe ba, ɗana. Shekara arba'in tana jira."

Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi. Ta ce bayan mun komo daga Goronyo da kwana kaɗan Gwaggo ta je har Lahodu, ba ranar kasuwa ba, ba ta ɗauki ko ƙullin iri ba. Ta zauna bakin gado tana dariya, hawaye na zuba, ta ce mata, "Ashe maganin shina ci. Ni ce dai ban samu mai kai ni da wuri ba."

Na tambayi mai tukwane, na tambayi mai rijiya, na tambayi makiyayin da ban taɓa gani ba. Na yi tafiyar kwanaki ina bin bayan matar nan da sandar jaki, na ƙara shekara shida ina zuwa gaishe ta, ban taɓa yi mata tambaya ɗaya a kan kanta ba. Wannan ya tsaya mini a rai, ban kuma ga ranar da zai fita ba.

Allah, ga baiwarka nan ta zo. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi. Mu da munka ci moriyarta ba mu waiwaye ta ba, mu ma ka yafe mana.